Ranar da Na Kasa Ƙarasawa Kasuwar Kurfi

Ni malamin dabbobi ne. Aikin da na sani ke nan tun ina saurayi, shi kuma nake yi har yau. Gidana yana Dutsin-Ma, wurin aikina yana Kurfi, asalina kuwa wani ƙauye ne a yankin Birchi, inda kakata ta rene ni a tsakiyar awakinta. Wurinta na koyi cewa akuya marar lafiya ba ta ɓoye ciwonta, sai dai in mai ita ba ya kallo: kunne zai sauka, gashi ya tashi, ta ware daga 'yan'uwanta. Ita ce kuma ta saba mani da yi wa dabba magana. Har na girma, na yi makaranta, na kama aiki, ban taɓa soka wa sa allura ba sai na dafa wuyansa na ce mashi, "Yi haƙuri, yanzu za a gama." Makiyaya suna yi mani dariya a kan haka, amma sun fi son in je masu da kaina.

Farkon aikina mu uku ne a ofishinmu masu fita daji. Akwai wani dattijo da ya koya mana aikin, akwai wani tsarana, sai ni. Muna raba ƙauyuka, muna raba ranakun kasuwa, wanda ya fita yau gobe ya zauna ofis ya huta. Daga baya dattijon ya yi ritaya ya koma gidansa a Dutsin-Ma. Ba a daɗe ba al'amarin tsaro ya taɓarɓare, wasu hanyoyin suka zama ba a bin su sai da addu'a, tsaran nawa ya nemi canjin wurin aiki ya samu. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Aka ce za a turo mana wasu. Muna nan muna jira, aikin mutum uku ya dawo kaina ni kaɗai.

Da farko har daɗi nake ji. Lambar wayata ta bazu ƙauye-ƙauye. Ranar kasuwar Kurfi in na shiga kara, wato gefen da ake cinikin dabbobi, ta ko'ina sai "Malam! Malam!" Wannan ya ja ni in duba mashi bakin sa, wancan ya ja ni in taɓa mashi cikin rago. In na fita daga nan in nufi kwata in duba naman da za a sayar wa jama'a. Ranar da ba kasuwa, ina rugage wajen rigakafi. Da na dawo Dutsin-Ma da yamma in tarar da masu kiwon raguna na cikin gari suna jirana a ƙofar gida, matan aure kuma su aiko a ce tunkiya ta ƙi cin dusa. A'a ba ta fita daga bakina. In mutum ya kira ya ce saniyarsa ta kwanta, na san matsayin saniyar nan a gidansa. Ita ce nonon 'ya'yansa, ita ce abin da zai ɗaga ya sayar ranar da wani nasa ya kwanta asibiti. Da wane baki zan ce mashi na gaji?

Abin bai faɗo mani rana ɗaya ba, a hankali ya shigo. Na fara cin abinci a tsaye, daga baya na fara mantawa da shi. Ƙeyata ta riƙa ciwo kamar an ɗora mani dutse. In kwanta da gajiya, in tashi da wadda ta fi ta. Na daina zama majalisar unguwarmu bayan magariba, abokai suka yi ta cigiya har suka gaji suka bari. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waya. Da, in ta yi ƙara, tunanin da ke fara zo mani shi ne wace dabba ce, me ya same ta. Sai ga shi ta kai in ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ji haushin wanda ya kira tun ban san ko wane ne ba.

Na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, na sayi magani na sha. Na ɗan ji dama-dama, abin ya dawo. Na ce to taifot ne, shi ma na sha maganinsa. Wani ɗan'uwana ya ce bakin mutane ne, ya kawo mani rubutu, na sha da bismilla. Duk wannan ina kan mashin kullum, ban fasa fita ba.

Akwai wani Arɗo, shugaban wata ruga da ke gaba da Kurfi, mutum mai natsuwa, mun daɗe tare. Wata rana da hantsi ya kira ni, wata saniyarsa da yake ji da ita tana naƙuda tun safe abin ya ƙi. Na je na tarar ta galabaita, maraƙin ya taho da ƙafa ɗaya a naɗe. Na tuɓe riga, na wanke hannu, na zura shi har kafaɗa. Na daɗe ina fama kafin in samu na tura ɗan baya na miƙe ƙafar. Muka ja, ya faɗo da ransa. Uwar ta juyo ta hau lasarsa, Arɗo yana ta hamdala, matan rugar suka fito da ƙwaryar fura da nono.

A da, irin wannan ranar ce nake dawowa gida ina ba da labari har a gaji da ni. Ran nan na tsaya ina kallon maraƙin yana kakkarwa yana neman miƙewa, na laluba cikina ban sami komai ba. Ba murna, ba tausayi. Kamar ɗakin da aka kwashe kaya aka share. Abin da ke raina kawai shi ne nisan hanyar komawa.

Arɗo ya rako ni har wurin mashin. Ya ce, "Malam, mun gode, Allah ya saka. Amma lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Arɗo."

Ya ce, "Na ga yau ba ka ce wa saniyar komai ba. Ka shigo, ka yi aikinka, ba ku gaisa ba."

Na yi 'yar dariya na ce sauri nake. Amma maganar ta bi ni har gida, don da na yi tunani sai na kasa tuna ranar ƙarshe da na yi wa wata dabba magana.

Mai ɗakina malamar firamare ce, mace mai lura, ba ta da yawan magana. Wata Juma'a na dawo daga masallaci, ta kawo mani abinci, na yi loma biyu waya ta yi ƙara. Na miƙa hannu, sai ta riga ni ta ɗora nata a kai.

Ta ce, "Malam, bari ta gama kukanta. Ina da tambaya. Tunkiyarmu ta haihu ko ba ta haihu ba?"

Na ce, "Ai da saura."

Ta ce, "Ta haihu. Tagwaye. Har sun fara tsalle. Kullum ta gabansu kake wucewa da mashin."

Na tashi na leƙa turken da ke bayan ɗakin girki. Ga su nan kuwa, farare tas, ɗaya da baƙi a ido. Na dawo na zauna.

Ta ce, "Ba don tunkiya na yi maganar ba, ita lafiyarta lau. Kai ne ba ka nan. Jikinka na shigowa gidan nan yana fita, amma kai rabonmu da kai an daɗe. Yara in sun ji ƙarar mashin ɗinka sai su yi tsit, don ba su san da wace fuska za ka shigo ba. Ka je asibiti a duba ka da kyau, ba kemis ba."

Na ce mata ta bari a wuce Babbar Salla, yanzu lokacin ragunan layya ne, kowa da ragonsa a turke, in na zauna dukiyar mutane za ta lalace. Ta ɗauke hannunta daga kan wayar ta ce, "To, Allah ya kai mu." Na san ba yarda ta yi ba.

Ban kai Sallar ba. Ranar wata kasuwar Kurfi, damina ta fara sauka, ƙasa ta yi taushi ana ta shuka, na ɗaure jakar magunguna a bayan mashin na kama hanya da safe. Motoci cike da raguna suna ta wuce ni. Na yi nisa da Dutsin-Ma, waya tana ta motsi a aljihuna, sai na ga wata ɗorawa a bakin hanya na ce bari in tsaya in amsa. Na kashe mashin. Na ciro wayar na dube ta, na mayar aljihu ban amsa ba. Na ɗora ƙafa zan tayar da mashin, ƙafar ta ƙi takawa.

Ba shanyewa ta yi ba. Ina iya motsa ta, ina iya tafiya. Amma duk lokacin da na tuna kara, da hayaniya, da hannuwan da za su riƙa jan rigata, sai in ji ƙirjina ya cushe, ƙarfin jikina ya zube. Na sauka na jingina da gindin ɗorawar. Na ce wa kaina bari in huta kaɗan. Can sai na ji ruwa na bin kumatuna, na sa hannu na taɓa, hawaye ne. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya zage ni, ga ni magidanci da furfura a gemu ina kuka a bakin titi.

Wani manomi da ke shuka a gonar da ke kusa ya taho da sungumi a kafaɗa. Na yi sauri na goge fuska.

Ya ce, "Sannu, Malam. Mai ne ya ƙare?"

Na ce, "A'a, akwai mai."

"Faci ne?"

"Lafiyarsa lau."

Ya dube ni, ya dubi mashin, ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Ya koma gonarsa.

Ina nan zaune har inuwar ta gusa ta bar ni cikin rana. A zaman nan ne na daina yi wa kaina ƙarya. Na ce wannan ba zazzaɓi ba ne, ba kuma abin da zai jira Salla ba ne. Da na juya kan mashin ya fuskanci Dutsin-Ma, taku ɗaya na yi ya tashi. Ban biya gida ba, asibiti na wuce.

Likitan da na gani abokin karatuna ne tun sakandare, ba ma ɓoye wa juna magana. Ya sa aka ɗebi jinina, aka yi gwaje-gwajen da za a yi, ya auna ni. Da sakamako ya fito ya ce, "Ba zazzaɓi, ba taifot. Jininka dai ya hau, za mu kula da wannan. Yanzu ajiye takardar nan, ba ni labari. Yaushe rabonka da hutu?"

Na yi ta lissafi, na kasa tunawa.

Ya tambaye ni barci, ya tambaye ni ci, ya tambaye ni ko har yanzu aikin na yi mani daɗi. Na ba shi labarin maraƙin Arɗo, na ba shi labarin ɗorawa. Ina magana ina jin kunya, kamar ina tona wa kaina asiri.

Ya ce, "Abokina, kai da ke duba shanun huɗa. In aka kira ka sa ya kwanta a tsakiyar gona, ka duba ba ciwo, an buge shi ya ƙi tashi, me kake ce wa mai shi?"

Na ce, "In ce a kwance mashi karkiya, a gyara mashi ci, a bar shi ya huta."

"In ya ce sai an gama huɗa fa?"

"In ce mashi zai rasa san gaba ɗaya."

Ya ce, "To ka ji. Aiki ne ya cinye ka. Mun san abin nan, muna ganinsa ga malaman makaranta, ga ma'aikatan jinya, har mu kanmu. Ba lalaci ba ne, ba ƙarancin tawakkali ba ne. Amma ka saurare ni da kyau: hutu kaɗai ba zai ishe ka ba. In ka huta ka koma ka ɗauki kayan nan yadda ka ajiye su, nan za ka dawo. Sai ka sake wa aikin tsari. In kuma ka huta nauyin zuciyar bai ɗaga ba, ka dawo in haɗa ka da waɗanda suka fi ni sanin damuwa. Kada ka ji kunya."

Washegari na tafi Kurfi a motar haya, na shiga wurin shugaban sashenmu. Mutumin kirki ne, shi ma ƙarancin ma'aikata ya ishe shi. Na gaya mashi ina son hutuna, na shekarun da ban ɗauka ba.

Ya cire tabarau ya ce, "Malam, yanzu? Ana wannan hada-hadar? Ka daure a wuce Salla, ni da kaina zan sa hannu."

Da can da "to, ranka ya daɗe" zan ce in fita. Har kalmar ta zo bakina na haɗiye ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, daurewar ce ta kawo ni nan. Jiya a hanya na tsaya na kasa ƙarasowa. In na ci gaba a haka, ko in soka wa dabbar wani allurar da ba ita ba, ko a tsince ni a gefen titi. Ba bayan Salla nake so ba, yanzu nake so."

Ya mayar da tabarau. Ya ce, "Wa zai riƙe kasuwa?"

Na ce akwai abokin aikinmu na yankin da ke maƙwabtaka da mu, in aka roƙe shi zai iya zuwa ranar kasuwa. Masu raguna na cikin Dutsin-Ma kuma, dattijonmu da ya yi ritaya yana nan da ƙarfinsa, zan je in same shi. Shugaban ya sauke numfashi, ya ɗauki waya a gabana ya fara kira.

Dattijon da na je gidansa bai ko bar ni na gama bayani ba. Ya ce, "Ni da zama ya ishe ni? Turo su." Sannan ya ƙara da cewa ya daɗe yana hango ni ina wucewa a guje, yana son ya tsayar da ni, amma ya san ba zan ji ba.

Mai ɗakina ta karɓe wayata, ta ba ni wata 'yar ƙarama wadda ita kaɗai ta san lambarta, na tafi ƙauyenmu wurin yayata. Ita ce ta goye ni ina jariri, har yau kuma Auta take kirana. Da ta ga yadda na rame ba ta tambaye ni komai ba, ta share mani ɗaki ta dama fura.

Kwanakin farko ba su yi daɗi ba, kada wani ya ɗauka hutu na zuwa da sanyi nan take. Na yi ta barci kamar wanda aka yi wa duka. In na farka sai hannuna ya tafi aljihu neman waya. Raina ya riƙa raya mani cewa yanzu haka wata saniya na can kwance, ana kirana ba a samu, ana cewa na yi girman kai. Sau da yawa na yi niyyar in haɗa kaya in koma. Abin da ke zaunar da ni shi ne in tuna kaina a gindin ɗorawar nan.

Labari kuwa ya bazu cewa malamin dabbobi ya zo gida. Wata safiya ina kwance na ji sallama a zaure, wani tsoho ya zo da jakinsa mai gyambo a baya. Na yunƙura zan tashi, Yaya ta leƙo ta harare ni, ta yafa mayafi ta fita. Ina jin ta tana cewa, "Baba, malamin dabbobi yana Kurfi, ranar kasuwa a kai mashi jakin. Wanda ke cikin gidan nan ƙanena ne, kuma jinya yake."

Da ta dawo na ce, "Yaya, ai ba zai ɗauke ni lokaci ba."

Ta ce, "Auta, in ka duba jakin nan yau, gobe sai ka nemi wurin taka ƙafa a ƙofar gidan nan ka rasa. Kwanta."

Na kwanta.

A hankali na fara bin mijinta gona. Ba wani aikin kirki nake ba, in ɗan taɓa noma, in gaji, in zauna a inuwa in kalli gero yana tasowa. Babu mai kiran sunana. Wata rana muka dawo na ji yunwa, yunwa ta gaske irin wadda na manta da ita, na cinye tuwon dawa da miyar kuka har na nemi ƙari. Yaya ta zuba mani tana murmushi. Salla ta zo, mai ɗakina da yara suka taho, muka yi ta a ƙauye. Rabon da in zauna in ci naman layya da 'ya'yana ba tare da wani ya fizge ni ba, na manta.

Bayan Salla da 'yan kwanaki, ina zaune a tsakar gida da hantsi, wani ɗan akuyar Yaya ya cusa kai cikin danga ya maƙale, yana ta ihu. Na tashi na riƙe shi, na karkata kan a hankali ina zarewa, sai na ji bakina na cewa, "To, wa ya aike ka? Tsaya mana, sarkin rawar kai." Na zare shi ya ruga wurin uwarsa. Yaya da ke tankaɗe ta kwashe da dariya ta ce, "Yau na ji muryar ƙanena." Ni ma na yi dariya, na kuma ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ɗan kaɗan, amma ya motsa.

Kafin hutun ya ƙare na zauna da mai ɗakina muka yanke yadda zan koma. Daga magariba waya tana kashe. Ranar Juma'a ba na fita aiki ko'ina, wayar ma a kashe take wuni. Aikin cikin Dutsin-Ma na bar wa dattijonmu gaba ɗaya. Rugage kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaya masu da bakina. Wurin Arɗo na fara. Na ce mashi abin da ya gani ran nan gaskiya ne, ba ni da lafiya, kuma daga yanzu kowace shiyya tana da ranarta, sai fa abin gaggawa irin naƙuda. Na ce ya zaɓo mani mutane masu hankali a rugarsa in nuna masu yadda ake ba da maganin tsutsa, da wankin kaska, da abin da za a fara yi wa dabba in cikinta ya kumbura kafin in iso. Ya ce, "Malam, gara mu gan ka jefi-jefi da mu rasa ka." Ba kowa ne ya karɓa haka ba. Wasu suka ce na zama babban ma'aikaci, wasu suka ce an zuga ni.

Jarrabawar gaske ta zo daga wani Alhaji, dillalin dabbobi a Dutsin-Ma, wanda na daɗe ina duba wa kiwo. Wata Juma'a wani babban ragonsa ya ci abin da ya kumbura mashi ciki. Ya neme ni bai samu ba. Maimakon ya kira dattijonmu tun da wuri, ya yi ta aike gidana ana ce mashi ba na nan, don kuwa na kai yara wurin kakarsu. Kafin dattijon ya isa, sai dai aka sa wa ragon wuƙa. Alhaji ya ji zafi, ya yi ta faɗa a kasuwa cewa da ina nan da ragonsa bai tafi ba.

Da labarin ya iso ni na kasa cin abinci. Ƙila ma gaskiyarsa ce, da ina nan da ragon ya tashi. Na ɗauki waya na ce wa mai ɗakina daga yau zan riƙa barinta a kunne, ko don irin wannan.

Ta ce, "Malam, wayarka ce. Amma lokacin da take kunne dare da rana, dabbobi ba su taɓa mutuwa ba?"

Na ce, "Sun mutu."

Ta ce, "To."

Na ajiye wayar. Da safe na tafi gidan Alhaji. Na same shi a zaure, ya amsa gaisuwata da ƙyar. Na yi mashi jaje, na ce na ji zafin asararsa, Allah ya mayar da alheri. Ya ce, "Malam, da ba haka kake ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, da ba haka nake ba. Yadda nake da ɗin ne ya kusa kai ni ƙasa. Juma'a mai zuwa ma ba za a same ni ba. Amma dattijon nan shi ya koya mani aikin, in an kira shi da wuri ya fi ni hannu."

Muka rabu a haka. Ya ɗauki lokaci ba ya kula ni, in mun haɗu a masallaci sai dai a ɗaga hannu. Na ji ciwon haka, don ni mutum ne mai son a rabu lafiya. Amma ban janye ba. Daga baya shi da kansa ya tare ni a kara ya ce in duba mashi wata karsana, muka ci gaba kamar ba a yi ba.

Ba zan ce na warke na gama ba. Da rani ya zagayo aka shiga rigakafin shekara, na fara jin ƙeyar nan tana nauyi, na kuma kama kaina ina tsaki don waya ta yi ƙara. Bambancin shi ne yanzu na san alamun, ban tsaya sayen maganin zazzaɓi ba. Na koma wurin abokina likita ya auna ni, na rage ƙauyukan da nake bi a rana, aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka tsara, kuma aka gama shi lafiya. Maganar ƙarin ma'aikata ma ban bar ta ta kwanta ba. Duk zaman da aka yi sai na tayar da ita, har abokan aiki suna tsokanata da ita. A ƙarshe an turo mana mutum ɗaya. Bai isa ba, ina nan ina neman na biyu.

Ina da sauran shekaru kafin ritaya, kuma na ƙudura in kai su da lafiyata, ina son aikina, iyalina suna ganina. Bana tun da wuri na shiga wurin shugabanmu na gaya mashi watan da zan tafi hutu. Ya ce watan bai yi mashi ba, akwai aiki. Na ce to, ranka ya daɗe, zaɓi wanda ya yi maka, ina zaune. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga ba tashi zan yi ba, ya jawo kalanda ya zaɓa.